Shaharar Goggo Mai Humra

Har yau in na ji ƙamshin humra sai raina ya ɗan sosu, kuma wallahi ba laifin humrar ba ne. Goggo ce ta ja, ita da taurin kanta, da kuma wani malami mai ladabi da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ce ɗiyar fari a ɗakinsu, kuma ita ta riƙe ni tun daga yaye har na gama sakandare, don Allah bai ba ta haihuwa ba. A Damari ta fara sana'arta da kasko ɗaya, tana haɗa humra da turaren wuta. Da zaman ƙauye ya gagara, ita da maigidanta Alhaji suka dawo Ƙanƙara, a nan kuma abin ya buɗe. Ta ƙara da man shafawa na kaɗanya, da dilkar gyaran jikin amare, da sabulu. Ta ɗauki mata suna yi mata daka da cika kwalabe, ta sa sola a gidan, direbobin Faskari da na Sabuwa suka san ƙofarta kamar tasha. A yankinmu in aka sa ranar yarinya, kafin a yi maganar gado da katifa sai an tambaya ko an sanar da Hajiya mai humra. Ba yabon gida nake yi ba, kowa ya sani.

Ni kuwa malamar makarantar 'yan mata ce, kuma ina da wata jaraba tawa. Akwai wani kundin sani a intanet, wanda kowa zai iya shiga ya rubuta bayani a kan gari ko tsiro ko mutum, wasu su zo su gyara. Ba a biyan ko sisi. Haushi ne ya shigar da ni: na nemi garin Ƙetare na tarar da layi guda, na nemi Damari, garin kakannina, ko layin babu. Sai na fara rubutawa da Hausa. Da yake gidan Goggo ne ke da wuta kullum, a can na ajiye ɗan akwatin intanet ɗina, in na tashi daga makaranta in biya in yi abin da ya samu kafin in wuce gidana.

Bayan rasuwar Alhaji na lura Goggo ta tsiri miƙo min kwalba tana cewa in sansana mata. Da farko na ɗauka gwada ni take yi. Sai wata rana na shigo na tarar gidan ya cika da ƙauri. Farcen humra, ɓawon nan da ake soyawa kafin a daka, ya ƙone ƙurmus a kasko, ita kuwa ta ba shi baya tana tsince kanumfari hankali kwance. Na yi ihu na sauke kaskon. Ta juyo ta dubi hayaƙin, ta dube ni, ta ce, “Hancina ya mutu, ɗiyata. Kar ki hwaɗa ma kowa.” Na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma Goggo ba a nuna mata tausayi, sai na hau kankare kaskon.

A cikin daminar shekarar ne nake zaune a tsakar gidan ina gyara shafin wata yarinya 'yar birni mai sayar da man gyaran fata. Ina gyarawa ina tsaki, don rubutun duk kwashi-kwaraf ne. Goggo ta leƙo ta ga hoton.

“Wacece wannan?”

Na ce wata mai kayan kwalliya ce, an yi mata shafi a kundin.

Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta ta ƙura. “Wannan? Dubi hannunta. Wannan hannun ya taɓa riƙe kasko?”

Na ce ban sani ba, amma jaridu sun yi ta rubutu a kanta.

Ta miƙo min wayar. Na koma kan aikina. Sai na ji ta ce, “Ni ma rubuta ni.”

Na yi dariya. Ba ta yi ba.

“Ƙamshi iska ke tahiya da shi,” in ji ta. “Ba ni da ɗa, ba ni da jika, yanzu ga hancin ma ya tahi. In na kwanta dama, mi zai nuna na zo duniyar nan na yi wani abu? Kwalba? Ki sa sunana a wurin nan da kike sa na garuruwa. Shi ke nan abin da nake so gare ki.”

To, ya za ka yi da wannan magana? Na ajiye wayar na fara yi mata bayani a tsanake, irin yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce kundin yana da ƙa'ida. Ba a yi wa mutum shafi sai ya shahara, kuma shaharar da suke nufi ita ce a ce jaridu ko littattafai sun yi rubutu a kansa, mutanen da ba danginsa ba, ba kuma biyansu ya yi ba.

“Ni ce ban shahara ba?”

“Goggo, ban ce haka ba.”

“Tashi ki tahi tasha yanzu, ki ce a kai ki gidan mai humra, ki gani ko akwai ɗan acaɓar da zai ce wacce.”

“Ɗan acaɓa ba jarida ba ne.”

“Ya hi jarida, shi yana kai mutum har ƙofa.”

Kai! Na sauya hanya. Na ce ta duba halin da ake ciki, a ƙasar nan yanzu mai abu ɓoye abinsa yake yi, masu mota sun koma hawa mashin, ita kuma tana neman a kafa sunanta inda duniya za ta gani. Ta taɓe baki ta ce, “Mi ya rage su ɗauka? Tsohuwa marar hanci? Su zo, in sa su daka.” Na ce bugu da ƙari ni 'yarta ce, ba a so mutum ya rubuta nasa. Ta ce to wa zai rubuta ta, maƙiyinta? Duk ƙofar da na buɗe sai ta riga ni tsayawa a bakinta. Da ta ga na gaji, sai ta ɗauko makamin da ta san ba ni da maganinsa. Ta ce ba komai, ai ba ita ta haife ni ba.

Na rubuta. Na cire unguwa da kwatancen gida, na faɗi a fili a shafin tattaunawa cewa ni 'yar ƙaninta ce, don kar a ce na yi ɓoye-ɓoye. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kan shafin, domin ƙa'ida sai an sa sunan mutum na yanka, tsurarsa, ba Hajiya ba Goggo. Ni kuwa tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ba ni kaɗai ba. Kakata ba ta taɓa faɗinsa ba, kunyar ɗiyar fari. Ƙannenta Yaya suke cewa, Alhaji har ya koma ga Allah Hajiya yake cewa. Amaren da ta gyara da yawa sun yi mata takwara, amma je ka gidajen ka ji, duk yaran Ummi ne da Mama da Hajiya ƙarama, don wa zai tsaya tsakar gida yana ƙwala wa sunan Goggo kira ya ce zo ki wanke kwano? Ina danna haruffan ina waiwaye, sai ka ce wadda ke satar nama a tukunya.

Goggo ta sa na nuna mata shafin. Ba ta karanta boko, amma ta ga hoton kwalabenta ta ce sun yi kyau. Ta kwana biyu tana tafiya a gidan kamar an ƙara mata tsawo.

Sai ga sanarwa an manna a saman shafin, wai an gabatar da shi don gogewa, an ba da wa'adin tattaunawa. Wanda ya gabatar wani tsohon hannu ne a kundin, ni dai Malam nake ce masa a raina. Mutumin nan ladabinsa ne ya fi ƙona min rai. Ya fara da sallama, ya yaba ƙoƙarina a kan garuruwa, ya yi wa Hajiya addu'ar albarka a sana'a, sannan ya yanka ni: babu madogara ko ɗaya mai zaman kanta, marubuciyar 'yar gida ce, rubutun kuma ya yi kama da talla. Ya rufe da fatan alheri. Da zagina ya yi da na san abin da zan ce masa. Abin takaicin kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni da kaina na taɓa rubuta wa wasu irin wannan maganar.

Na gaya wa Goggo. Ta ce, “Ɗan gidan wa ye?” Na ce ban sani ba. “Yana da mata?” Na ce Goggo don Allah. Ta ce tambaya take yi, in yana da mata a aika mata da humra, magana ta ƙare. Na ce wannan cin hanci ne. Ta ce a garinsu sunansa alheri.

Na ce abu ɗaya ne zai ceci shafin, a samo inda wani ya taɓa rubutu a kanta. Sai ta tafa hannu ta ce ai an taɓa sa ta a jarida! Wata 'yar jarida ta zo shekarun baya tana bin mata masu sana'a, ta wuni a gidan, har dambu ta ci. Zuciyata ta yi sanyi. Na duƙufa nema, da ƙyar da siɗin goshi na tono rahoton a intanet. Rahoto ne mai kyau, wallahi, ya yi bayanin yadda ake jiƙa humra, da matan da ke cin abinci a ƙarƙashin sana'ar, da amaren da ke zuwa daga nesa. Sai dai daga farkonsa har ƙarshe abin da aka ce shi ne wata mata a Ƙanƙara da ta nemi a sakaya sunanta. Hoton ma hannaye ne kawai a kan kasko. Na gane zoben azurfarta, na gane tabon ƙuna a babban yatsa.

“Goggo! Ke kika ce a ɓoye sunan?”

“Alhaji ne ya ce. Lokacin ana ta ɗaukar mutane a hanyar Faskari, kin manta? Da ke ce za ki ba da suna?”

Ba zan ba da ba, na sani. Amma haushi bai san gaskiya ba. Na ce to ga shi nan, damar guda ɗaya da Allah ya kawo har gida an rufe mata fuska.

“Ki ce ma Malam ɗin hannuna ne.”

Kuma saboda na rasa tudun dafawa, na ce masa. Na sa rahoton a shafin tattaunawa na rubuta cewa matar da ake magana ita ce, na shaida hannunta. Malam ya amsa da cewa Allah ya saka da alheri, bai musa min ba, amma mai karatu a wani gari ba shi da hanyar shaida hannu. Na kife wayar a kan tabarma na tashi na sha ruwa.

Da yamma Goggo ta tambaye ni, wai shi Malam ɗin nan shi kaɗai ne alƙali? Na ce a'a, shafin tattaunawa ne, kowa zai iya shiga ya faɗi ra'ayinsa, a bari ko a goge. Na ga idonta ya yi wani haske, sai na yi maza na ƙara da cewa ba ƙidayar kawuna ake yi ba, hujja ake dubawa, kuma haramun ne a kundin mutum ya gayyato jama'arsa su zo su mara masa baya. Na faɗa, na maimaita. Ta ce to. Na san wannan to ɗin, tun ina yarinya na san shi, amma na tafi gida na bar akwatin intanet ɗina a kan tagarta yana ƙyafta ido.

Wanda bai san matanmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinmu biki bashi ne na ƙafa. Wadda ta zo naki, ranar nata ko ciwo kike yi sai kin ja jiki kin je. Goggo ta shekara aru-aru tana zuwa bikin mutane, aure da suna, daga Sabuwa har Mairuwa, ba ta taɓa kiran kowa nata ba. Ba ta yi suna ba, ba ta aurar ba, aurena ma a gidan babana aka yi, dangin uwata suka ƙwace hidimar. Ashe duk wannan yana ajiye a ranta. Ta sa aka ɗauki muryarta aka watsa a zaurukan mata na waya, wai ranar Asabar tana da sha'ani, duk wadda ta san ta taɓa taka ƙafa zuwa gidanta, to ga ranar biya ta zo, kuma kowa ta taho da wayarta. Ni ce kaɗai ba a tura wa ba.

Ranar Asabar da hantsi na biyo don in ɗauki akwatina. Tun daga bakin layi na ga motocin haya. Na shiga zaure na ji guɗa. Inna lillahi! Tsakar gidan babu masaka tsinke, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, ga tukunya a kan murhu, ga zoɓo a robobi. Matan Mairuwa har da anko suka yi, shuɗi mai ratsin fari. Akwai waɗanda suka taso daga Sabuwa da sassafe, suka biyo hanyar da maza ma sai sun yi addu'a suke bi. Goggo na zaune a kan kujera a tsakiya, ta sha lalle, ta ɗaura ɗankwali irin na uwar biki. A gefenta wata ma'aikaciyar asibiti daga Faskari, wadda ta iya waya kamar aljana, tana buɗe wa mata asusu a kundin ɗaya bayan ɗaya, an yi layi. Duk kuma a kan intanet ɗina.

Na kutsa na ce, “Ku tsaya! Don girman Allah ku tsaya, za ku kashe shafin nan!”

Wata dattijuwa daga Damari, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata, ta riƙo gyalena. “Ke 'yar nan, ina ake dangwalawa?”

Na ce, “Inna, ba zaɓe ba ne.”

“To mi ne ne?”

“Tattaunawa ce.”

“Yauwa, ai tattaunawar muka zo. Wani ƙato ya ce ba a san Hajiya ba, mu kuma mun zo mu ce mun san ta. Laifi ne?”

Na ce laifi ne babba a wurinsu. Ta sake ni ta juya wajen mata ta ce ku ji wani ikon Allah, wai shaida ta zama laifi. Aka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Na nufi taga zan cire akwatin, Goggo ta ɗaga yatsa ɗaya daga inda take zaune ta ce, “Taɓa ki gani.” Mace da aurena da 'ya'yana, a gaban mata cike da gida, na tsaya cak kamar an dasa ni.

Na koma ɗaki na buɗe shafin ina kallon abin yana zuba. A bari, ita ta yi min gyaran aure. A bari, humrar Hajiya ko an wanke zane ba ta fita. A bari, Mama ta yi min kayan amarci kyauta lokacin da aka kore mu daga ƙauye ba mu da ko tabarma. Wata ta rubuta addu'a tun daga bisimilla har amin. Wata ta tambayi ko akwai sauran dilka, ta bar lambarta. Wata kuma, Allah ya shirye ta, ta yi wa Malam Allah ya isa har da zuri'arsa. Ina karantawa ina jin kamar in haɗiye zuciya, wani wurin kuma ƙwalla na cika min ido, domin na san babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ban san Goggo ta yi wa waccan yarinyar kyauta ba sai ranar.

Kafin la'asar Malam ya shigo. Ya yi sallama, ba shakka. Ya ce ya ga Hajiya mutuniyar kirki ce mai jama'a, Allah ya ƙara. Amma duk asusun nan yau aka buɗe su, duk daga layi ɗaya suka fito, layin marubuciyar shafin. Ya ƙara da wani abu da ni ma ban lura da shi ba: a cikin masu shaidar nan duka babu wadda ta ambaci sunan da ke saman shafin, daga Hajiya sai Mama sai Goggo, ta yaya ma za a tabbatar mutum ɗaya ake nufi? Ban gama karantawa ba aka rufe asusuna, bisa zargin ni ce na rarraba kaina na zama mata cike da gida. Shafin Damari da na kusa kammalawa, na bi dattawa na tara tarihin kasuwarsa, yana nan a buɗe ba ni da ikon ƙara ko wasali.

A waje ana rabon dambu. Na jira har aka watse, na tare Goggo a ɗakinta. Na ce na faɗa mata ko ban faɗa mata ba? Na ce ta ja min, ta ja wa kanta, yanzu ko mai neman taimakon shafin ya ga wannan hauka sai ya janye. Na ce abin da na gina da guntun lokacina ta rushe shi a wuni ɗaya saboda ba ta jin maganar kowa. Tana zaune a bakin gado tana kwance ɗankwali, ko gezau. Da na gama ta ce, “Kin ga waɗanda suka zo daga Sabuwa? Ban zaci za su zo ba.” Na ɗauki akwatina na fita ko sallama ban yi ba.

Na yi kwanaki ban leƙa ta ba. Ranar da wa'adin zai cika na ga an rubuta hukunci, za a goge. Na san babu mai gaya mata in ba ni ba, sai na saɓa gyale na tafi. Na same ta a inuwar ɗaki da safe, masu aiki ba su iso ba, ta jera kwalabe a gabanta tana goge su da tsumma. Na gaishe ta a daƙile, na ce yau za a cire.

Ba ta ɗago ba. “Yana nan har yanzu?”

Na duba. Na ce yana nan.

“Karanta min. Ban taɓa jin mi kika ce ba.”

Gaskiya ne, hoto kawai na nuna mata. Na zauna a kan turmi na fara, “An haife ta a garin Damari...”

“Nan ne farko?”

“Kusan nan ne.”

“Daga sama.”

Na gyara murya na ce, “Hajiya...”

“Haka kika rubuta?”

“A'a.”

“To karanta abin da kika rubuta mana. Ke da kike malama.”

Na ce haba Goggo, ai kin san abin da ke wurin. Ta ajiye tsumman ta zuba min ido. Na dubi ƙofar zaure, babu kowa. Wallahi na tsaya a gaban masu duba makarantu ban ji abin da na ji a lokacin ba. Na runtse ido na faɗi sunan, nata da na mahaifinta, a hankali.

Kaza na tono a bayan murhu.

“Sake.”

Na sake, wannan karon da ɗan ƙarfi.

Ta sunkuyar da kai tana murza zoben nan na azurfa. Ta ce, “Rabona da in ji shi a bakin wani nawa tun rasuwar Baba. Shi kaɗai ke kirana da shi. In ya dawo daga gona, tun daga bakin danga.” Ta share ido da bakin zane, ta ja hanci, sannan ta harare ni. “To ci gaba mana, kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa.”

Na karanta mata har ƙarshe, ina yi tana yi min gyara, wai ba da kasko ɗaya ta fara ba, biyu ne, ɗayan aro. Kafin azahar na sake dubawa, shafin babu shi.

Asusuna an buɗe min daga baya, bayan na yi ta rubuta bayani, kuma Malam ne da kansa ya tsaya min, da sallamarsa da fatan alherinsa. Na gama shafin Damari. Na Goggo kuwa har gobe babu, kuma in aka bi ƙa'ida ba za a yi ba, sai in wata 'yar jarida ta sake biyowa. Na ce mata in Allah ya kawo wata, don Allah ta bari a ga fuska. Ta ce sai ta yi shawara. Da wa, oho.

Yanzu ni ce hancinta, kowace kwalba sai na sansana kafin a rufe. Wani lokaci in masu aiki sun tashi, mun rage mu biyu, sai ta yi kamar ba da gangan ba ta ce, “Ke 'yar boko, mi ma aka rubuta a saman shafin nan?” In ce Goggo kin fa dame ni. Ta ce ta manta ne, tsufa. Ƙarya take yi, ta san na san ƙarya take yi. Sai na leƙa zaure na tabbatar babu mai jina, sannan in dawo in faɗa mata.